Maharbin Da Ba Ya Komawa Gida Da Nama

A wani gari da ke kan hanyar Bauchi zuwa Gombe akwai wani dattijo wanda mutanen unguwa ba su san shi da wani suna ba sai Mai Hoto, domin sana'ar da suka taso suka tarar yana yi ke nan. Shekara da shekaru shagonsa na bakin tasha shi ne matattarar masu neman hoton fasfo, da amare, da samari masu sabuwar riga ran salla. Amma duk wanda ya samu shiga ƙuryar shagon, bayan labulen nan mai zanen furanni, zai tarar da wata adakar ƙarfe shaƙe da hotunan da ba wanda ya sa shi ɗauka, ba kuwa wanda ya taɓa biyansa ko kwabo a kansu. Hotunan shirwa ne, da shaho, da gaggafa, da ungulu. Fiye da rabinsu ba a ganin kome a jiki sai sarari fari fat da ɗan gefen wutsiya a kusurwa. Waɗannan ma bai yar da ko ɗaya ba.

Asalin al'amarin tun yana ɗan shekara bakwai ne. Kakarsa ta ɗora shi gadin wata kaza mai 'yan tsaki tara a tsakar gida. Ran nan da hantsi yana zaune, tsakaninsa da su bai fi taku biyar ba, sai ya ji kazar ta yi wani irin ƙara, tsakin suka watse, inuwa ta gilma. Da ƙura ta lafa ya ƙirga, ya ga takwas. Tsohuwa ta fito daga ɗaki ta ce, "Kai da aka sa gadi, me ka gani?" Ya ce, "Wallahi Kaka, ban ga kome ba." Aka yi ta yi masa dariya har dare, alhali kuwa gaskiya ya faɗa. Abin ya tsaya masa a rai. Ta yaya za a yi abu a gaban idon mutum da rana kata, idon kuma a buɗe, amma ya kasa ba da labari? Da ƙafa shirwar ta ɗauka ko da baki? Ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba? Duk babban da ya tambaya sai ya ba shi amsa dabam, kowa kuwa har da rantsuwa.

Da ya zama saurayi ya koyi ɗaukar hoto da wanke shi a hannun wani Bayarabe da ke da shago a garin, har ya ƙware ya buɗe nasa. Ana nan sai wani Bature malamin makarantar sakandare, wanda wa'adin aikinsa ya cika, ya sa kayansa a kasuwa. Cikin kayan akwai kyamara da wani dogon gilashi mai jawo nesa kusa, irin mai milimita 400, tsawonsa ya kusa kamu guda. Mai Hoto ya haɗa kuɗin da ya yi shekara yana tarawa don sayen keke, ya saye. 'Yan tasha suka raɗa wa gilashin suna igwa. Mahaifiyarsa ta tambaye shi ko da wannan abin amare za su fi yin kyau, ya ce a'a, na tsuntsu ne. Ta dube shi ta daɗe, sa'an nan ta yi masa addu'ar shiriya.

Kashegari ya nufi mahauta, inda shirwa ke jewa tana wawurar abin da aka zubar. Fim ɗaya a zamanin nan hoto 36 yake ɗauka, ya ƙarar da shi kafin azahar, yana murna. Da ya wanke da dare sai ya ga sarari da rufin kwano da bayan wani mahauci. A nan ya fara gane wahalar da ya sayo wa kansa. Dogon gilashi yana jawo abu kusa, amma yana ƙuntata abin da ake gani, kamar mai leƙe ta kafar kara, saboda haka tsuntsu na gocewa kaɗan ya fita. Ga shi kuma da hannu ake murɗa gilashin har abu ya fito sosai, tsuntsun kuwa ba ya tsayawa jiran murɗi. Na uku, idon kyamara yana da ƙiftawa, watau ɗan lokacin da yake buɗewa haske ya shiga. Amarya da ke zaune, kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ya ishe ta. Fiffiken da ke kaɗawa kuwa sai kashi ɗaya cikin 1,000, ko ma cikin 2,000, in ba haka ba sai hoton ya fito kamar an goga gawayi a bango. Ƙiftawa mai sauri haka tana bukatar haske mai yawa, hazon hunturu kuwa yakan cinye rabinsa.

Ya yi wajen shekara biyu yana asarar fim, sa'an nan Allah ya haɗa shi da wani tsohon maharbi da ya zo ɗaukar hoton katin shaida. Tsohon ya hangi igwa a rataye ya tambaya, aka yi masa bayani, ya ce a nuna masa abin da aka harbo da ita. Ya jujjuya hotunan sarari ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kai bin tsuntsu kake yi. Mai fiffike ba a bin sa. Sanin inda zai zo ake yi, a riga shi zuwa." Mai Hoto ya ce, "To Baba, yaya ake sanin inda zai zo?" Tsohon ya ce, "Ka bar wannan ƙarfen a gida, ka zo ka same ni da asuba har kwana bakwai."

Kwana bakwai ɗin nan, waɗanda suka zama wata uku, su ne makarantarsa ta gaskiya. Ya koyi cewa manyan tsuntsayen nan masu faɗin fiffike ba su cika tashi da sanyin safiya ba. Sukan jira rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta fara hawa sama kamar guguwa marar ƙura, sa'an nan su shiga cikinta su yi ta kewaya suna ɗagawa ba tare da kaɗa fiffike ba. Ya koyi cewa tsuntsu yana fuskantar iska in zai tashi, haka kuma in zai sauka, saboda haka wanda ya zauna iska da rana na bayansa, fuskar tsuntsu zai gani, da haske a kanta. Ya koyi cewa shahon da ke kan reshe, in ya kumbura gashi ya ɗage ƙafa ɗaya, hutawa yake yi, mutum na iya cin goronsa. In kuwa ya lafe gashin, ya miƙa wuya yana ɗaga kai yana saukewa, to ya ga wani abu. Sau da yawa ma yakan yi kashi dab da tashi. Ya koyi sauraren daji: kukan da zabi ke yi, da shirun da ƙananan tsuntsaye ke yi farat ɗaya, da hayaniyar hankaki in sun taru suna tsokanar wani babba a kan itace. Tsohon kan ce masa hankali ke gani, ido gululu ne.

Game da ɓuya, maharbin ya nuna masa kan burtu, wanda maharban Hausa ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi rarrafe suna rausaya kai har su kusanci nama. Amma ya gargaɗe shi cewa idon shaho ya wuce wannan dabara, gara a yi ɗan bukka da zana da ganye a bar ta kwana da kwanaki har tsuntsu ya saba da ganinta. Daga baya, cikin wasu tsofaffin mujallu da Baturen nan ya bar masa, Mai Hoto ya karanta cewa masu irin ciwonsa a Ingila sun daɗe da bin wannan hanya. Wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, wajen shekarar 1900 har fatar sa suka ɗinke a kan katako, ɗayansu ya riƙa shiga ciki da kyamara. Wani kuma, Eric Hosking, mujiya ta tsone masa idon hagu a shekarar 1937 sa'ad da yake hawa maɓoyarsa kusa da sheƙarta, bai kuwa bar sana'ar ba har ya tsufa. Mai Hoto ya ji daɗin labarin, don ya tabbata ba shi kaɗai ne mahaukaci a duniya ba.

Amsar tambayar ƙuruciyarsa a bakin gobarar daji ya same ta. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona an fara cinna wa ciyawa wuta, hayaƙi na tashi sai shirwa ta taru daga ko'ina, domin wuta tana koro fara da ƙadangaru da ɓeraye. Ya tsaya ta gefen da iska ke kore hayaƙin, ya daidaita gilashinsa tun da wuri a kan wani kututture, ya daina bin kowace tsuntsuwa, ya jira wadda za ta ratsa ta wurin. Cikin fim uku hoto ɗaya ya fito. A ciki ga shirwa, wutsiyar nan tata mai baki biyu ta karkace kamar ana juya kwalekwale da ita, fikafikai sun koma baya, ƙafafu biyu sun miƙo gaba har sun kusa wuce baki, farata a buɗe, tsakaninsu da wani babe bai fi ɗan yatsa ba. Ba ta sauka. Da ƙafa take sura tana cikin tafiya, ta sunkuyar da kai ta ci abinta a sama. Ya daɗe yana duban takardar tana ɗigar ruwa a ɗakin duhu. Kakarsa ta riga ta rasu, da ya kai mata.

Daga nan ya shiga rarrabe su, don ya lura abin da jama'a ke haɗawa su kira shaho iri-iri ne, kowane da hanyar cin abincinsa. Akwai ƙarami mai launin toka da jan ido, wanda ke laɓewa cikin duhuwar dalbejiya a tsakiyar gari, ya faɗo wa ƙadangare a jikin katanga. Akwai fari mai baƙar kafaɗa, wanda ke tsayawa cak a sama yana karkaɗa fiffike a wuri ɗaya bisa gona, yana jiran ɓera ya motsa. Akwai mai jan wuya da ke sheƙa a kan giginya, wanda miji da mata kan yi farauta tare, ɗaya ya tayar da tsuntsaye ɗaya ya tare. Akwai wani babba mai dogayen ƙafafu da ke lanƙwasuwa gaba da baya, wanda ke maƙalewa a jikin itace ya zura ƙafa cikin kogo ya zaro 'ya'yan tsuntsu. Masu tsinin fiffike kuma, dangin wanda masana suka auna saurin faɗowarsa daga sama ya haura kilomita 300 a sa'a, suna da wani ɗan haƙori a gefen baki da suke karya wuyan abin da suka kama. Gaggafa da sauran masu faɗin fiffike kuwa da matsar farata suke kisa. Ya kuma lura, a yawancinsu macen ta fi namijin girma, abin da ya faɗa wa abokansa a majalisa suka ce ƙarya yake yi.

Da ya samu ɗan hali sai ya riƙa zuwa Yankari, gandun dajin da aka keɓe a shekarar 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 2,200. Sauran baƙi giwa suke nema, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki su koma gida. Shi kuwa roƙon ma'aikatan yake yi su tsaya masa a bakin kogin Gaji da rani, inda gaggafar ruwa mai farin kai da ƙirji ke zama a kan busasshen reshe. Takan yi sa'o'i ba ta motsa ba. In ta tashi, sai ta gangaro a hankali kamar ba da nufin kome ba, ta shafi fuskar ruwa, ta jefa ƙafafu gaba, ta ɗago da kifi. Tafin ƙafarta yana da kaushi kamar ƙaya, shi ya sa santsin kifi ba ya kuɓuce mata. In kifin ya fi ƙarfinta takan ja shi a kan ruwa, wani lokaci har ta yi iyo da fikafikai zuwa gaɓa. Ya taɓa kwana huɗu yana zuwa wurin, ta sura sau biyu, duka biyun yana canja fim.

Sau ɗaya kuma, da sanyi, ya yi tafiya har fadamun Haɗeja da Nguru. A can ya ga wasu shahuna masu dogon fiffike da doguwar wutsiya suna shawagi ƙasa-ƙasa bisa ciyawa, kai a sunkuye, suna neman fara da ƙananan tsuntsaye. Wani ma'aikacin gandun daji ya gaya masa baƙi ne, a Turai suke ƙyanƙyasa, su ƙetare teku da Hamada su yi hunturu a nan, in bazara ta gabato su koma. Mai Hoto ya riƙe baki. Shi da bai taɓa wuce Kano ba sai wannan karon, ga tsuntsun da nauyinsa bai kai na 'yar budurwar kaza ba yana wannan tafiya kowace shekara.

Abin da ya fi sauya masa tunani cikin shekarun nan shi ne yawan kuskuren da ya gani. Yaro mai gadin tsaki yana zaton shirwa ba ta kai hari ta tashi a banza. Mai zama a bukka kuwa ya ga shaho ya kai wa kurciya bara sau biyar ya koma reshe yana haki, baki a buɗe. Ya ga wanda ya kama, ya baza fikafikai ya rufe abincinsa yana waige-waige, duk da haka wani babba ya zo ya ƙwace. Ya ga 'ya'yan bana, waɗanda iyaye suka daina ciyarwa, suna faɗa wa busasshen ganye don rashin sani, ya kuma san da yawansu ba za su ga wata damina ba. Sannu a hankali ƙiyayyar da ya taso da ita ta ragu. Bai daina tausayin kaza mai 'ya'ya ba, wadda aka ce ita ke tsoron shirwa, sai dai ya gane ita ma shirwar da yunwa take kwana.

Akwai abu biyu da ba ya son a tuna masa, amma shi da kansa yakan ba da labarinsu in dare ya yi. Na farko, wata shekara haƙurinsa ya ƙare. Ya sayi ɗan tsako a kasuwa, ya tafi bayan gari inda wani shaho ya saba zama, ya kafa turke, ya ɗaure ƙafar tsakon da zare, ya daidaita gilashi a kansa ya shiga bukka. Tsakon ya yi ta kuka yana fizgar zaren. Ba a yi rabin sa'a ba shaho ya faɗo. Hoton ya fito tsaf, babu wanda ya kai shi kyau a duk adakar: ido, da farata, da ƙurar da fiffike ya tayar.

Ya ɗauka da rawar jiki ya kai wa tsohon maharbi, wanda a lokacin ya daina fita. Tsohon ya kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, ya ƙura masa ido, sa'an nan ya sa farce a kan wani ɗan siririn layi kusa da ƙafar tsakon. Ya ce, "Wannan fa?" Mai Hoto ya yi shiru. Tsohon ya ce, "Ni na kashe namun daji da ba zan iya ƙirgawa ba, amma kowanne yana da ƙafar gudu sa'ad da na harbe shi. Kai ka ce so kake ka ga yadda shaho ke farauta. To wannan ba farauta ya yi ba, ciyar da shi ka yi, ka kuma zo kana nuna mini." Ya miƙa masa abinsa. Mai Hoto bai yaga hoton ba, bai kuma taɓa rataye shi ba. Yana can ƙasan adaka a kife.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Wani Bafillace makiyayi ya nuna masa sheƙar gaggafa a kan wani babban maɗaci a bakin rafi, tafiyar sa'a biyu a keke daga gari. Gaggafa ita ce mai jan fuska da jan ƙafa da guntuwar wutsiya, wadda ke tafe a sama tana karkata dama da hagu kamar mai tafiya a kan siririyar gada. Ƙwai ɗaya tak take yi, ta kwanta a kansa kusan wata biyu, ɗan kuma ya yi fiye da wata uku kafin ya tashi, sa'an nan ya shekara bakwai ko takwas kafin ya yi launin manya. Tsuntsuwa ce mai saurin ƙaurace wa sheƙa in an dame ta, don haka ya kafa bukkarsa nesa, yana shiga tun kafin gari ya waye, ba ya fita sai iyayen sun yi nisa. Ya ga an kawo wa ɗan maciji, da kurciya, da guntun mushe. Ya samu hoton uwar tana saukowa da kurege a ƙafa, ɗan ya buɗe baki.

Wannan hoton ya wanke shi babba, ya sa a gilashi, ya rataye a gaban shago. Ran kasuwa wani baƙo mai fara'a ya tsaya ya yi ta yabo, ya ce bai taɓa ganin gwani irinsa ba, ya tambaya a wane daji ne aka samu wannan abin mamaki. Yabo ya yi wa Mai Hoto daɗi. Ya kwatanta masa rafin, da mashigin, da maɗacin, har da dutsen da ake ajiye keke. Bayan kwana biyar ya koma. Ya tarar an kafa turaku a jikin itacen an hau, sheƙar ta zube rabi, ga gashi a ƙasa, ga toka inda aka kwana. Ya zauna a bukkarsa har la'asar ko iyayen za su gilma. Bai ga ko ɗaya ba, ba a kuma sake sheƙa a itacen ba. Makiyayin da ya nuna masa wurin ya gamu da shi a hanya, ya gaishe shi a taƙaice ya wuce, bai ƙara nuna masa kome ba.

Sai daga baya ya fahimci kasuwar da ya yi wa dillanci ba da saninsa ba. Kan ungulu, da ƙwanta, da ƙafar gaggafa, da gashin mikiya, duk kaya ne masu tsada a wurin masu haɗa maganin tsibbu da neman sa'a, a Nijeriya da maƙwabtanta. Shi da kansa shaida ne a kan abin da ya biyo baya. Mahautar da ya fara ɓarnar fim a cikinta, a da ungulaye kan jeru a kan katangarta kamar masu jiran rabon zakka, har mahauta na korarsu da ƙafa. Yau yaron da aka haifa a garin zai iya kai wa aure bai ga ungulu ba, sai dai ya ji ana cewa ba ta jewar banza.

Abin kuwa bai tsaya a garinsu ba. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar yana ƙirga irin waɗannan tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen da ake tsaro. A shekarar 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari da mikiya cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, gaggafa kuma ta shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2020. A wannan shekarar ce aka kashe ungulaye wajen 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau. Mikiyar nan fa ita ce wadda ta yi karo da jirgin sama a samaniyar Abijan a 1973, a tsawon mita 11,300 daga ƙasa. Ban da masu tsibbu, akwai gubar da ake sa wa mushe don kashe kura ko karnuka, da maganin feshi da ke kashe fara, da sare manyan itatuwan da ake sheƙa a kansu. Mai Hoto kan ce mushen da ungulu ke share wa gari kyauta kafin azahar, yanzu sai ya kwana uku yana wari, ƙudaje da karnuka na bin sa.

Shagon hoto ya mutu tun da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa. Wani jikansa da ke karatu a Jos, wanda ya saba da masu nazarin tsuntsaye na dajin Amurum, ya zo hutu da aron kyamarar zamani, wadda ke kama idon tsuntsu da kanta ta bi shi, ta ɗauki hoto 20 cikin daƙiƙa guda, ba fim ba wanki. Suka fita tare da hantsi. Cikin sa'a ɗaya yaron ya samu abin da kakansa ya yi shekara biyu yana nema. Dattijo ya duba, ya yaba, bai ji haushi ba. Abin da ya lura da shi kurum shi ne yaron bai san lokacin da shahon zai tashi ba, na'urar ce ta cece shi, kuma da aka tambaye shi ta ina iska ke busowa sai ya duba waya.

Da yamma yaron ya ce, "Kaka, ka bar ni in ɗauki hotunan adakar nan in sa a intanet, duniya ta gani. Har wurin da aka ɗauki kowanne sai a rubuta." Dattijo ya ce, "Ɗauki duk wanda kake so, har na sarari. Ka rubuta sunan tsuntsu, da watan da aka gan shi, da abin da yake ci. Wuri kuwa ka ce Jihar Bauchi, ka tsaya nan." Yaron ya ce ai masu bincike suna bukatar sanin wurin. Ya ce, "Mai bincike ya zo da ƙafarsa in ga fuskarsa. Kuma na ji an ce wayoyin nan naku suna manna wa hoto inda aka ɗauke shi ba da sanin mutum ba. Ka kashe wannan kafin ka kusanci kowace sheƙa." Sa'an nan ya tashi ya zaro hoton da ke kife a ƙasan adaka, da na uwar gaggafa da kurege, ya ajiye su a gaban yaron, ya ba shi labarinsu tun daga farko, bai rage kome ba.

Har yanzu yakan fita, ko da yake gwiwa ba ta yarda da keke, sai wani ɗan maƙwabci ya kai shi a babur ya dawo ɗaukarsa da azahar. Igwa ta yi nauyi a hannunsa, fim kuma ya yi wuyar samu, saboda haka sau da yawa ba ya ɗaukar kome sai buzu da gorar ruwa. Bara da rani ya hangi gaggafa guda, baƙa mai jan ƙafa, tana karkata bisa wani rafi, bayan ya yi shekaru bai ga irinta ba. Ya bi ta da ido har ta sauka cikin wasu itatuwa, ya ga kuma ta sauka da ƙirare a baki. 'Yan majalisa sun ji labarin, sun yi ta tambayarsa wane rafi ne. Yakan ce tsufa ya sa ya manta.